Kwali na Biyu

Ni aka damƙa wa ƙwallayen gasa.
Talatin da shida suka taso daga Yamai
a saman bas, ƙarƙashin buhun albasar wani,
huɗu sun gaji tun ba a hura usur ba.

A zauren lise fanka ɗaya ke juyi.
Na ajiye kwali biyu a bakin fili,
na masu komawa,
da na waɗanda suka gama.

Ƙwallon soso ba ya kuka in ya ji ciwo,
da hannu ake tambayarsa.
Ƙarzuwa ba laifi ba ce,
ni ma gwiwata na da irinta tun Birni,
tun muna sulɓi a kan duwatsu.
Baƙin man giya, a goge, a mayar.
Amma in farce ya shige tsaga har ya ɓace,
in na matsa, na ƙirga uku, bai taso ba,
in na gangara shi a siminti
ya karkace kamar amalanken da ya rasa ƙusa,
to, ya gama.

Zagaye na biyar, mutum-mutumin 'yan Garin Malam
ya tauna ɗaya da haƙoran ƙarfe.
Na ɗauka. Loɓa a gefe, zurfin babban yatsa.
Na ƙirga uku. Na ƙara biyu don kunya.

Sai ga Mutari, mai tuƙin 'yan Kara-Kara,
rimot na rawa a hannunsa.
Ya ce, Madam Tsahara, ki bar mana wannan.
Wata bakwai da ƙwallo ɗaya muke koyo,
shi ma loɓaɓɓe, akuya ta taɓa shi.
Hannun injinmu a kansa muka auna,
sabo zame masa yake.

Na dubi injin. Wayar birkin keke,
murfin kwano, robar taya ɗaure da haƙuri.
Na dubi can gefe, Zali da 'yan ajinta,
su ma ba barci suka yi ba,
nasu na harbi ne, loɓa kan kai shi bango.

Ma'auni ba ya da ɗan uwa.
Na sa shi a kwali na biyu,
hannuna ya yi nauyi kamar na ɗebo ruwa daga nesa.

Minti shida ya rage musu.
Mutari ya tsuguna, ya cire silifas,
ya yanko yanki, ya liƙa a tafin injin.
Sun ɗauki uku. Biyu sun zame.
Ba su ci ba.

Da yamma ina ƙirga gawa, tara,
ya zo bai ce komai ba.
Na miƙa masa kwalin gaba ɗaya,
sannan na zaro ɗaya lafiyayye daga nawa rabon,
na ce, wannan kada akuya ta gan shi.