Ɗan Mai Haƙar Rijiya a York

Matakala goma sha uku na sauka
a gidan Misis Pennock, bayan kogin Ouse,
tocila a haƙora, alli a aljihu.
Kafin ido ya gani, hanci ya ba da labari:
rima, funfuna, tsohuwar darduma da ta sha ta ƙoshi.

Ta ce sau uku ana shafe bangon nan da fenti.
Na ce, Uwargida, fenti kwalliya ce,
ruwa kuwa ba ya kallon kwalliya.

Ga farin gishiri ya feso wa bulo kamar kanwa,
ga tsaguwa siririya, ba ta kai kaurin zare ba,
ta gangaro daga kusurwa har inda daɓe ya sadu da bango.
Na bi ta da alli.
Nan ce ƙofarsa.

Ubana Jatau, can Gumel,
shekara talatin da ɗaya yana shiga ƙasa da igiya a ƙugu,
gaba ashirin, gaba ashirin da biyar,
yana neman abin da yau nake kora.
In yashi ya fara sanyi a tafinsa
sai ya yi kabbara daga can ƙasa,
muryar ta hauro, mata su karɓe ta da guɗa.
Shi ya ce mini ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.
Baba, a garin nan ko ba ka tona ba
shi zai tono ka.

Kwana tara muka yi ni da Declan.
Ya fasa gefen daɓe, na kwashe ɓaraguzai a bokiti,
hawa, sauka, hawa, har gwiwa ta fara yi mini magana.
Muka cusa ƙaro a tsaguwar har ta ƙi karɓa,
muka shafe kankare da baƙin kwalta, shafi biyu,
muka sa wa bango rigar leda mai ƙuraje
don abin da ya tsatso ya sami inda zai zurara.
Tsakuwa, bututu mai huji, sai rami a lungu,
a ramin muka zaunar da famfo.

Declan ya ce, mun gama da shi.
Na yi dariya. Yaro man kaza.
Wa ya taɓa gamawa da ruwa?
Ya riga gidan zuwa, ya riga titin, ya riga cocin da ke tsallake,
ba ya gaggawa, ba ya fushi, jingina kawai yake yi
dare da rana, da kafaɗarsa a bayan bango.
Ba a rufe masa ƙofa.
Hanya ake ba shi, a ce bismilla, bi ta nan,
a raka shi waje kamar baƙon da ya girme ka.

Ran ƙarshe aka kwana ana ruwa.
Da safe na sauka ni kaɗai,
na shafa bango da bayan hannu: a bushe.
Na ɗaga murfin ramin. Ga shi nan kwance,
garau, yana kallona da tocilata a cikinsa.

Ban san lokacin da na tsoma yatsa ba,
na kai baki, yadda Baba ke yi
kafin ya ce wa gari garɗi ne ko zartsi.

Garɗi ne.

Da a Gumel ne, da an yanka akuya.
Famfo ya yi ƙyas, ya farka,
ya zuƙe shi, ya tura kwata.
Daga sama matar ta kira, ko zan sha shayi?
Na ce ina zuwa.
Na ɗan ƙara tsayawa, har ramin ya soma cika.