Mai Gadin da Ya Ƙi Haɗuwa

Sha ɗayan dare a Barnawa.
Asibiti ya yi tsit, sai gurnanin janareta.
Ni kaɗai a ɗakin na'urori
da kofin shayin da ya huce tun isha'i.

Ran Asabar saba ta mutu, ba wanda ya sani,
sai Litinin, da Sista Ladidi ta nemi sakamakon jini
ta tarar da allo fari fat.
Oga ya ce, "Tanimu, samo abin da zai riƙa sa mata ido."
Kuɗin saye kuwa, kada ma ka tambaya.
Na sauko da tushen manhaja, na kwance ƙunshinta,
na ce da na'ura: bismilla, harhaɗa.

Rubutu ya yi ta ambaliya
kamar kogin Kaduna a watan Agusta,
sai ya tsaya cak.
Jan layi guda: laburaren ɓoye saƙo, wai babu shi.
Na ce ƙarya ne, da hannuna na girka shi jiya.
Ashe na masu amfani na ɗauko,
na magina daban yake, da 'yar wutsiya a sunansa.
Kamar ka sayo riga a Kasuwar Barci
ka kai wa tela, ya dube ka ya ce, "Yadi na ce."

Na girko na magina. Na sake.
Wannan karon ta yi nisa,
har na fara laluben makullin babur,
sai kurakurai ɗari biyu da sha huɗu suka zubo
kamar buhun gero ya fashe a kan matakala.

Na bi na ƙarshe, na bi na samansa,
awa guda ina watsa ruwa inda hayaƙi yake,
wutar tana can wani ɗaki.
Na kira Saratu a Sabon Tasha, muryarta duk barci.
"Kai ma dai. Koma can sama.
Na farkon ne uwa, sauran 'ya'ya ne ke taya ta kuka."
Ƙit, ta kashe.

Na koma sama. Layi na tamanin da bakwai.
Manhajar na kiran wani aiki da tsohon sunansa,
laburare kuwa ya daɗe da raɗa masa sabo.
Sallama take ta yi a gidan da mai shi ya tashi.
Akwai faci, layi shida,
wani bawan Allah da ban san garinsu ba ya ɗinka shi,
ko sisi bai nema ba.
Na manna. Na sake.

Ta ƙi.
Kuskuren ɗazu, da hular ɗazu.

Baba Jatau ya leƙo da tocila.
"Har yanzu?"
Na ce, "Mai gadi nake haɗawa, Baba, irinka."
Ya gyara goron da ke kumatunsa.
"Ka share masa wuri?
Ni ran da na kama aikin nan
sai da na kwashe tarkacen wanda na gada
kafin na ga inda zan shimfiɗa tabarma."
Ya ja ƙofa.

Na zauna shiru.
Ragowar ginin farko na nan kwance,
tsohon saiti na ta ba da tsohuwar amsa.
Na share duka. Na sa ta sake ƙidaya kayan gida,
sannan na ce harhaɗa, a hankali, kamar mai roƙo.

Minti tara ban ƙifta ba.
Ta gama.
Ba guɗa, ba barka,
ɗan ɗigo kawai yana ƙyaftawa a baƙin allo.

Uku saura kwata na tashe shi aiki.
Ban kai ga rataya jaka ba, waya ta yi ƙara:
faifai ya cika, kashi casa'in da huɗu.
Na duba wa ya cika shi.
Kwafe-kwafen da na jibge tun magariba.

A bakin get Baba ya haske ni.
"Ya fara?"
Na ce, "Ya fara, Baba.
Ni ya fara kamawa."