Daƙiƙa Huɗu

A filin gidan matasa, bayan isha'i,
an ɗaure farin ƙyalle tsakanin dogon-yaro biyu.
Injin wuta na tari kamar tsohon mashayin taba.
Nomau mai majigi ya ce a yi shiru,
fim ne na tunawa da shugaban da aka harbe.

Ga shi nan da ransa, yana saukowa daga jirgi,
yana aza tubali, yana dariya ba sauti.
Wata murya mai santsi, da Faransanci,
tana ƙirga rijiyoyi da asibitoci.
Sai abokan tafiyarsa, ɗaya bayan ɗaya,
kowa bisa kujera mai laushi, kowa da hawayensa a aljihu.
Na kusa da ni ya ja tsaki:
"Wancan mai farar hula, kafin sadakar bakwai ya karɓi minista."

Ranar kisan ba su nuna ba.
Ƙyalle ya yi baƙi, aka saki goge.
Wai ƙaddara ce ta faɗa masa,
sai ka ce harsashi ƙanƙara ce,
daga sama take zubowa, ba ta da mai ita.

Ni ba wannan ya hana ni barci ba.

Akwai inda ya zo Maradi.
Motarsa ta bi ta gaban babbar kasuwa,
kamara ta juya kan jama'a,
sai ga innata, Cima,
da farantin gyaɗa a kai,
da zanen nan mai tsuntsaye
wanda ya ƙare a goyon autanmu.
Hannu ɗaya na riƙe da faranti,
ɗayan tana tafi da shi a ƙirji.

Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.
Shekara goma sha tara ina tsintar fuskarta
guntu-guntu a fuskokin ƙannena.

Daƙiƙa huɗu. Na ƙirga.

Da aka watse na roƙi Nomau ya maido baya.
Ya ce mai ya kusa ƙarewa.
Na miƙa masa jikka guda.
Muka zauna, ni da shi da sauro,
ya tsayar da hoton.
Shugaban ya koma rabin kafaɗa a gefen ƙyalle,
Inna ta cika tsakiya, baki buɗe,
kamar za ta ce in zo in sauke ta.

Allah ya jiƙansa, shi ya jawo kamara garinmu.
Wanda ya harba kuwa, fim bai san shi ba.

Injin ya yi tari biyu, ya mutu.
Nomau na kwance igiya,
ni ina riƙe da ƙyallen ta inda ta tsaya.