Ƙanƙara a Tafin Hannu

Duk Talata, a ƙarƙashin shagon wanki na Titin Ashland,
injuna na gurnani a bisa kanmu,
Mista Lamont kan jera kujeru tara.
Ɗaya ba mai zama. Ba ma tambaya.

Shekara sha bakwai ya yi a kurkuku
saboda daƙiƙa huɗu.
Shekarun alƙali ya ƙirga,
daƙiƙun shi ya ƙirga da kansa.

Yakan tsamo ƙanƙara daga bokiti:
"Damƙe, Dontrell. Me ya faru a motar haya?"
"Wani ya taka mini takalmi, bai waiwayo ba."
"Me ka gani?"
"Raini."
"Idonka na tambaya."
Ruwa na bin yatsuna har gwiwar hannu.
"Takalmi. Da ƙeya."
"To sauran labarin, wa ya rubuta?"

Ya ce mutum biyu ke haya a cikin kai.
Ɗaya kan amsa tun ba a gama kira ba,
ɗayan sai ya nemi tabarau, ya ɗaura igiyar takalmi.
Aikinmu mu tokare ƙofa
har mai nawar ya iso.

Daren Asabar, gidan mai na Titi na Sittin da Uku,
dusar Shikago na zuba a karkace,
ga yaron da ya yi dariyar makokin yayana
a bidiyon da unguwa ta kalla.
Hannuna ya riga ni zuwa ƙugu.

Ƙarfen da sanyi.
Tafina ya san wannan sanyin.

Ɗaya. Biyu. Kunnena na busa.
Biyar. Me idonka ya gani?
Hula ja. Tari.
Takwas. Gwangwanin madarar jarirai a hammata,
yana ƙirga canji, bai cika ba.

Na taka gida, layi goma sha biyu,
ina zagin kaina, ina zagin Lamont.

Ba jiniya a daren.
Ba kyandir da 'yar tsana a gindin turken fitila.
Jarida ba ta buga abin da bai faru ba.

Talata na sauko matakala.
Fushin bai narke ba, kada in yi ƙarya.
Lamont ya dube ni, ya dubi kujeru,
ya ƙirga mu da leɓe, takwas,
ya turo mini bokitin da ƙafa.