Makoki a Aberdeen

Na iso garin nan da gaisuwa cike da baki,
irin tamu ta Azare, doguwa kamar igiyar guga:
ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi.
Ba wanda ya kama ɗaya bakin igiyar.
Gidaje toka, sama toka, teku ma toka,
fararen tsuntsaye na ihu a kan rufi kamar masu bin bashi.
Na rubuta wa Yaya Barira:
mutanen nan agogo ne a ƙirjinsu.

Tsohuwar da ke samana, Moira,
kai kawai take ɗaga mini a matakala.
Wata bakwai, kai kawai.
Ran nan aka sauko da mijinta,
Fergus, mai ban ruwan tumatir a taga.
Mutum huɗu cikin baƙaƙen kaya, ba salati, ba kururuwa.
Na tsaya jiran tabarmi.
Na jira rumfa, butoci, tarin takalma a ƙofa.
Shiru.
Motar shara ma ta zo a kan lokacinta.
Na ce a raina, akuya ce ta mutu a gidanmu
an fi haka jaje.

Kwana na uku abin ya ƙi barina barci.
Na dafa shinkafa da wake,
na barbaɗa yajin da na taho da shi a ƙasan akwati,
na hau, na ƙwanƙwasa.

Ta buɗe, sai ga katuna a bayanta,
a kan tebur, a kan talabijin, a tsakanin tukwanen tumatir,
wasu rataye a zare daga bango zuwa bango.
Ɗari da sha ɗaya, in ji ta.
Wannan na mai kawo wasiƙa ne.
Wannan na abokin aikinsa a jirgin kamun kifi,
rabonsu da juna shekara arba'in.
Duk ta hudar ƙofa suka shigo, a sanɗa,
don kada su katse mata kuka.
Ashe zaman makokin na tarar,
ɗaki ya cika maƙil
kuma ba wanda ya tsaya mata a ka.

Na zauna, Turanci ya gudu ya bar ni.
Na ce, Allah ya ba da haƙuri.
Ta ce in sake faɗa. Na sake.
Yaji ya kawo mata ƙwalla,
ta ce gara waɗannan da na jiya.
Ta tambayi yadda uwata ke kirana.
Ɗalhatu.
Sau biyar tana gwadawa, harafin farko ya ƙi tashi.
Ta rama da sunan ƙauyensu,
ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Yaya, ki goge wancan saƙon.
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi,
ni ne na zo da kunne ɗaya.

Ni dai in tawa ta zo, a shimfiɗa mini tabarmi,
a cika layi, a hana mota wucewa.
Amma jiya na tsaya a shago
na daɗe gaban katuna, ina zaɓe.
Tukunyar tumatir ɗaya tana tagata yanzu.
A matakala har gobe kai take ɗagawa,
sai dai na iya karanta shi:
ina kwana ne, da ina gajiya,
da ya sanyi, duka a dunƙule.