Sunan Anselmo

A kan tudun Valparaiso, inda gidaje ke hawan juna
kamar awaki a gefen dutse,
Eulalia kan kunna kwamfuta kafin ruwan shayi ya tafasa.
Da yatsa ɗaya take bugawa, a hankali:
Anselmo, sai shekarar aurensu.
Mutane na cewa kalmar sirri,
ita a wurinta gaisuwar safe ce ga mamaci.

Imel, Anselmo.
Banki, Anselmo.
Kantin magani, kuɗin wuta, hotunan jikoki,
ƙofa bakwai, mabuɗi guda.

Kantin maganin aka fara fasawa.
Wani da bai taɓa jin ƙarnin kifin tashar nan ba,
bai san Anselmo na ɗingishi ba,
bai san yana tsoron allura ba,
ya tsinci sunan cikin tarin na wasu,
ya zura shi a ƙofa ta biyu. Ta buɗe.

Ran Laraba sai ga Baltasar mai kifi
ya hawo matakala ɗari da ashirin yana haki:
"Ba kina Lima ba? Ba an sace jakarki ba?
Peso dubu tamanin na tura jiya!"
Tana tsaye da silifa, kwanon kyanwa a hannu.
Lima? Ko kasuwa ba ta leƙa ba tun Lahadi.

Jikarta Ximena ta iso da motar yamma,
ta ture tulun furanni, ta ja kujera.
"Kaka, dubi ɗakin nan, dubi taga.
Kira mini abu biyar da ba su san juna ba."
Ta kira. Suka yi dariya har da hawaye.
Kada ku tambaye ni mene ne,
ni ma ban ji ba.

Aka yi wa kowace ƙofa nata,
dogaye, marasa kan gado,
aka ƙara lamba mai shigowa ta waya
wadda ko Ximena ba za a karanta wa ba.
Sai da suka kai kan banki tsohuwa ta janye hannu:
"To shi fa? Shi ke nan na kore shi?"
Yarinya ba ta ce komai ba. Jirgi ya yi kuka a teku.

Baltasar bai ga kuɗinsa ba har yau,
miya dai yake samu duk Juma'a.

Da safe yanzu, kafin ta taɓa komai,
takan buɗe taga, ta ce "Anselmo" da ƙarfi,
inda kowa zai ji, ba mai iya sata.
Sannan ta zauna, ta gyara tabarau,
ta fara buga shirmenta.