Cimar Tulkawa

Wata shida ina ƙera su a ɗakina, nan Ali Ɗan Sofo,
kan tsohuwar kwamfutar da na saya hannun Saluhu,
jika arba'in, har yau da sauran bashi.
Na ba su tsawo kamu bakwai,
fata launin jar akuyar garinmu,
ƙaho ɗaya mai haske in maƙiyi ya matso.
Na ba su takobi, na ba su yare, na ba su tsaunin hawa.
Na raɗa musu suna Tulkawa.

Ran Talata Gwaggo Hurera ta shigo aron caja,
hannunta na ƙanshin man gyaɗa.
Ta tsaya bayana, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Wanga mai ƙaho tun ɗazu shike gudu.
Mi ya ci?"

Na yi dariya. Na ce ai wasa ne,
in ransa ya ragu sai ya taka wata kwalba ya cika.
Ta ce, "Kwalba. Wa ya dafa?"

Daren nan ban runtsa ba.

To ga abin da Tulkawa ke ci.
Da damina sukan jera tukwane bisa tsauni
su tari walƙiya, su rufe da faifai,
ta kwana uku ta yi tsami, a dama a sha da ludayi.
Yaransu na lasar amsa-kuwwa a bakin rijiya,
ta mai gaba talatin ta fi garɗi.
Da rani, in gawo ya yi ganye,
sai su yanka inuwarsa siriri-siriri,
a shanya kamar kilishi, a barbaɗa yajin tauraro.
Guzurin mayaƙi ke nan: yanka ɗaya, rai ashirin.
Ba sa cin abin da ke da ido.
Ba sa shan ruwan da ya ga fuskarsu.

Na kira ta ina hura hanci.
Ta jawo kujera ƴar tsuguno, ta saurara har ƙarshe
tana murza ƙuli tsakanin tafuna.
Ta ce, "Wagga cimar shekarar ƙoshi ce.
In hadari ya ƙi tasowa fa? In gawo ya faɗi?
Babu mutanen da ba su da anzarsu."

Sai ta kai ni shekarar da ba a haife ni ba,
can ƙauyensu, hanyar Madarunfa:
yadda ake jiƙa anza kwana huɗu ana tsiyaye ruwa,
ɗacin bai gama fita ba, a ci haka nan,
yadda uwarta ke cewa ta ƙoshi
alhali hannunta bai shiga akushi ba.

Na koma na rubuta musu yunwa.
Na shuka wani baƙin tsiro a gefen taswira,
inda ba dodo, ba zinariya, sai rana.
Mai wasa zai tsinka, zai jiƙa, zai jira,
kuma ban sa maɓallin tsallake jira ba.
Na ƙara doka ɗaya:
wanda ya ci shi kaɗai, rabin rai zai samu,
in ya miƙa wa na kusa, su duka biyu su cika.

Saluhu ya gwada, ya ce lissafin bai fita ba.
Gwaggo ta ce a gidansu ya fita.

Ƙarfe goma saura, ban adana aikin ba,
wuta ta ɗauke, batirin kuwa dama gawa ne.
Tsauni, tukwane, baƙin tsiron, duk suka nutse.
Unguwa ta yi tsit, sai injin mai shagon kwana.

Na ji takunta, na ji ƙarar kwano a kan tabarma.
"Tulkawanka sun kwana da yunwa," in ji ta,
"kai dai ci."
Dambu ne, da zogale, da ƙuli ɗaya a sama.
Na karya ƙulin biyu,
na lalubi hannun Saluhu cikin duhu.